Atisayen Numfashi Bayan Tiyatar Ciki

Duk wanda aka yi wa tiyata a ciki, hankalinsa da na masu jinyarsa kan koma kan ɗinki, alhali huhu ma yana cikin haɗari a kwanakin farko. Maganin barcin da ake bayarwa lokacin aiki da raɗaɗin yanka kan raunana tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda ita ce ginshiƙin numfashi. Idan a saman ciki aka yi aikin, kamar tumbi ko hanta ko matsarmama, iskar da huhu ke iya ɗauka kan ragu da kusan rabi. Majinyaci sai ya riƙa numfashi sama-sama, ƙasan huhu ya lanƙwame, majina ta taru, daga nan namoniya ta sami ƙofar shiga.

Atisayen ba shi da wuya. Majinyaci zai zauna a jingine, ya shaƙi iska ta hanci a hankali har cikinsa ya ɗago, ya riƙe ta kamar daƙiƙa 3, sannan ya fitar ta baki. Ana so ya maimaita kimanin sau 10 a kowace awa muddin idonsa biyu. Idan zai yi tari, ya danne wurin ɗinki da matashin kai.

Muna jan hankalin masu jinya a nan, domin sau da yawa su ne ke hana majinyaci tari ko motsi, wai kada ɗinki ya warware. Tausayi ne, amma kwanciya wuri ɗaya ita ce ke cutar da huhu. Da zarar likita ya ba da izini, a taimaka masa ya zauna, ya ɗan taka. Idan zafi ne ya hana shi numfashi sosai, a sanar da ma'aikatan jinya su duba maganin raɗaɗinsa.

Ya fi kyau a koyi atisayen tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka gudanar a asibitocin Ostareliya da Niyuzilan kan mutum sama da 400, ya nuna cewa koyarwa ta minti 30 kafin aiki ta rage matsalolin huhu da kusan rabi. Mai shan taba kuwa ana ba shi shawarar dainawa aƙalla mako 4 kafin ranar.

Zazzaɓi, haki, ciwon ƙirji ko majina mai kauri da launi bayan sallama, alamu ne da ke buƙatar a koma asibiti ba tare da jinkiri ba.