Mau Mau a Bakin Jaridun Ingila, 1952 zuwa 1960

Ran 20 ga Oktoba 1952 Gwamnan Kenya, Sir Evelyn Baring, ya kafa dokar ta-ɓaci, aka kama Jomo Kenyatta da waɗansu shugabanni. Tun daga wannan rana har 1960, abin da mutanen Ingila suka sani game da yaƙin Mau Mau galibinsa daga jaridunsu suka same shi. Sabo da haka ya kamata mai binciken tarihi ya duba irin kamannin da jaridun nan suka ba mutanen da suka shiga daji.

Asalin rikicin maganar ƙasa ce. Turawa mazauna sun mallake tuddai masu ni'ima, Kikuyu da yawa suka zama 'yan ƙodago a gonakinsu, sa'an nan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta korarsu. Mayaƙan da kansu suna kiran ƙungiyarsu rundunar neman ƙasa da 'yanci. Amma sunan da gwamnati da jaridu suka riƙe shi ne Mau Mau, wanda ba ya nuna wa mai karatu abin da ake nema. Da aka kawar da maganar ƙasa, sai abin da ya rage a shafukan jaridu irin su Daily Mail da Daily Express shi ne rantsuwar asiri da adda da jini, aka riƙa kiransu 'yan ta'adda, mutanen da suka koma jahiliyya. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, J. C. Carothers, ya rubuta wa gwamnati rahoto, ya fassara tawayen da ruɗewar hankalin mutanen da zamani ya riska ba shiri. Wannan ya ƙara wa ra'ayin nan ƙarfi, gama wanda aka ce hankalinsa ya ruɗe ba a tambayarsa kukansa.

Lalle mayaƙan sun yi kisa na rashin imani. A Janairu 1953 sun kashe wani Bature manomi da matarsa da ɗansu mai shekara 6, labarin ya cika jaridu. A Maris na wannan shekara suka far wa garin Lari da dare, suka ƙone gidaje, suka kashe fiye da mutum 70 daga iyalan masu goyon bayan gwamnati, yawancinsu mata da yara. Jaridu sun ba da wannan labari filla-filla. Ramuwar da dakarun gwamnati suka yi kashegari kuwa, wadda ita ma ta ci rayuka masu yawa, ba ta sami wuri irin wannan ba.

Lissafi shi ke nuna inda ma'auni ya karkata. Turawa farar hula da aka kashe cikin yaƙin duka 32 ne. 'Yan Afirka farar hula da mayaƙan suka kashe sun kai wajen 1,800. Bisa ga ƙidayar gwamnati kanta an kashe mayaƙa fiye da 11,000, aka kuma rataye mutum 1,090, cikinsu har da Dedan Kimathi a Fabrairu 1957. Amma mai karanta jarida a London ya fi sanin sunayen 32 ɗin nan da fuskokinsu, sauran kuwa adadi kurum ya gani.

Duk da haka ba a taru aka zama ɗaya ba. Daily Mirror ta aika da Barbara Castle, wakiliya a Majalisar Dokoki, zuwa Kenya a 1955, ta kawo labarin azabar da ake yi wa waɗanda aka kama. Sa'an nan ran 3 ga Maris 1959 masu gadi suka doke mutum 11 har lahira a sansanin Hola. Sanarwar farko ta hukuma ta danganta mutuwarsu da ruwan da suka sha, aka buga ta haka nan. Da bincike ya tona gaskiya sai Majalisa ta ɗauki zafi, har Enoch Powell, ɗan jam'iyyar da ke mulki, ya tashi ya la'anci abin.

Daga nan kalmomi suka soma canjawa. Kenyatta, wanda aka ɗaure a 1953 bisa zargin shugabancin Mau Mau, shi ya karɓi mulki da ƙasar ta sami 'yancin kai ran 12 ga Disamba 1963, jaridun da suka zage shi suka koma suna kiransa dattijo mai hangen nesa. A 2005 littattafan David Anderson da Caroline Elkins suka fito da labarin rataya da sansanoni. A 2013 gwamnatin Ingila ta nuna nadamarta a gaban Majalisa, ta biya fam miliyan 19.9 a kan ƙarar tsofaffi 5,228 da aka azabtar.

Malamin da zai koyar da wannan zamani daga tsofaffin jaridu, wajibi ne ya sa ɗalibansa su yi wa kowane labari tambaya uku: wa ya raɗa sunan da aka kira mayaƙan da shi, daga bakin wa ɗan jarida ya ji labarin, gawar wa kuma aka ambata da suna. A Kenya amsar tambaya ta biyu sau da yawa ofishin gwamnati ne.