Daga Yatsan Likita Zuwa Agogon Ɗan Gudu

Agogon da ke ƙirga bugun zuciya, wanda ake gani yanzu a hannun matasa masu sassarfa da asuba a hanyar Kalgo zuwa Bunza, kusa da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ya samo asali ne daga ɗakin duba marasa lafiya. Tun ƙarni na 11 Ibn Sina ya yi dogon bayani kan taɓa jijiya a littafinsa Alƙanun, kuma malaman ƙasar nan ba baƙi ba ne ga ilimin jiki: Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya bar littafin Masalihul Insan kan addini da lafiyar jiki. Yatsa na iya jin ƙarfin bugu da rauninsa, ƙidaya ce ta gagare shi, sai a 1707 da likitan Ingila John Floyer ya sa aka ƙera masa agogo mai ƙirga daƙiƙa. A 1903 Willem Einthoven na Holan ya auna lantarkin zuciya da wata ƙatuwar na'ura. Ko wadda Norman Holter ya haɗa a Amurka a ƙarshen shekarun 1940 don a goya ta a baya, nauyinta ya kai kilo 38.

A Finlan ne abin ya fita daga asibiti ya shiga fili. A 1957 Martti Karvonen ya nuna cewa gudu ba ya ƙara wa zuciya ƙarfi sosai sai bugunta ya haura wani mataki. Masu horar da 'yan tseren zamiya kan ƙanƙara suka matsu da sanin wannan mataki ana cikin gudu, don da an tsaya a taɓa jijiya bugun ya fara sauka. Seppo Säynäjäkangas ya kafa kamfanin Polar a 1977, a 1982 kuma ya fito da ɗamarar ƙirji mai aika bugu zuwa agogo ba tare da waya ba. Agogon yau, irin Apple Watch na 2015 da masu arahar da suka biyo baya, ya yar da ɗamarar, koren haske yake haskawa cikin fata yana karanta kai-komon jini.

Wannan tarihi shi ke nuna inda ya kamata a yarda da agogon da inda ya kamata a yi taka-tsantsan. Ƙidayar na da amfani, hukuncin da ake ɗora mata ne ke da rauni. Lissafin iyakar bugun zuciya da ya fi yaɗuwa, wato a cire shekarun mutum daga 220, ƙiyasi ne da William Haskell da Samuel Fox suka yi wajen 1970, kuma yakan kauce da bugu 10 ko fiye. Ga kuma zafi. A Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 a Gwandu, jiki na tura jini zuwa fata don ya huce, sai zuciya ta ƙara sauri ko da gudun bai ƙaru ba, balle mai azumi da ruwan jikinsa ya ragu. Agogo zai rubuta cewa an yi atisaye mai tsanani, alhali rana ce ta yi rabin aikin.

Wani zai ce 'yan kokawa da 'yan dambe sun yi ƙarni suna gina ƙwanji babu agogo. Gaskiya ne, sai dai ɗan kokawa yana da maigida mai lura da numfashinsa, shi kuwa ma'aikaci mai shekara 45 da ke yini a kan kujera, wataƙila da hawan jinin da bai san da shi ba, shi kaɗai yake fita. Wani kuma zai ce baƙar fata na shanye koren haske. Binciken Jami'ar Duke na 2020 bai ga bambanci mai yawa tsakanin launukan fata ba, abin da ya gani shi ne kuskure na ƙaruwa idan hannu na motsi. Don haka a ɗaure agogon da kyau, sama da ƙashin wuyan hannu, mutum ya gwada bugunsa na yau da na makon jiya a hanya ɗaya da sa'a ɗaya. Wanda kuwa ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana gudu, ya tsaya ya nufi asibiti, ko da agogon ya ce lafiya lau.