Sarƙar taya: Yadda direbobin manyan motoci ke ratsa dusar ƙanƙara

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara, babu direban babbar mota da ake ɗauka ya ƙware matuƙar bai iya ɗaura wa tayoyinsa sarƙa ba. Sarƙar taya raga ce ta ƙarfe da ake lulluɓe taya da ita domin ta samu abin kamawa a kan hanya mai santsi. Wani Ba'amurke mai suna Harry Weed, mutumin jihar New York, shi ne ya samu takardar mallakar wannan fasaha a shekarar 1904, kuma har yau siffarta ba ta sauya sosai ba: dogayen sarƙoƙi biyu ne da ke zagaye gefunan taya, sai gajeru da ke haɗa su ta kan fuskar tayar kamar matakalar tsani.

Dalilin buƙatarta a fili yake. Idan mota mai nauyi ta taka dusar ƙanƙara, sai ta danne ta ta zama daskararriyar ƙanƙara mai sulɓi, roba kuwa ba ta da abin riƙewa a kanta. Tayoyin sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya a kan hawa, a gangara kuma birki ya zama ba shi da amfani, har tirela ta iya karkacewa ta naɗe da kan motar. Gajerun sarƙoƙin nan su ne ke caka cikin ƙanƙarar, su ba motar ƙarfin tafiya da na tsayawa.

Shi ya sa hukumomi ba su bar lamarin ga son ran direba ba. A jihar Colorado ta Amurka, wajibi ne manyan motocin kasuwanci su riƙa ɗauke da sarƙa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu a kan babbar hanyar I-70, wadda ke ratsa duwatsu ta ramin Eisenhower mai tsayin kimanin mita 3,400 daga doron teku. A Ostiriya, motocin da nauyinsu ya haura tan 3.5 dole su riƙe sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu. A Kalifoniya kuwa, jami'ai kan kafa shinge a mashigar Donner, su hana duk motar da ba ta cika sharaɗi ba wucewa.

Ɗaurin kansa ba shi da wani sirri, sai dai yana son tsari. Direba yakan tsaya a wuri mai faɗi da aka tanada a gefen hanya, ya ja birkin hannu, ya kunna fitilun gargaɗi. Daga nan ya shimfiɗa sarƙar a ƙasa, ya warware duk inda ta murɗe, ya duba ko akwai zoben da ya tsage. A nan ne sabon shiga ke yawan yin kuskuren farko: bakin ƙugiyoyin da ke riƙe gajerun sarƙoƙin dole ya fuskanci waje, domin idan ya fuskanci robar, zai yi ta cin tayar har ya fasa ta. Sai ya ɗaga sarƙar ya yafa ta a kan tayar, ya cusa ragowar a gindinta, ya shiga mota ya ɗan matsa gaba kaɗan domin tayar ta hau kai.

Ana fara haɗa ƙugiyar ciki, wato ta ɓangaren ƙarƙashin mota, kafin ta waje. Wannan shi ne wuri mafi wahala, don sai mutum ya durƙusa ko ya kwanta cikin sanyi ya miƙa hannu inda ido ba ya gani sosai. Bayan an haɗa ta waje, sai a sa ɗan makulli na musamman a murɗa mataran da ke jikin sarƙar ɗaya bayan ɗaya har ta ɗame, a ƙara da igiyoyin roba masu ƙugiya. Zobban da suka yi saura a ɗaure su, kada su riƙa lilo.

Ko an gama duk wannan, aiki bai ƙare ba. Direba zai yi tafiyar 'yan ɗaruruwan mitoci, ya sake tsayawa ya ƙara ɗame sarƙar, saboda da zarar ta zauna a jikin taya sai ta saki. Sako-sakon sarƙa ta fi rashinta haɗari: tana iya dukan jikin mota, ta tsinke bututun iskar birki, ko ta kwance ta faɗi a gaban motar da ke biye. Tayoyin da injin ke juyawa su ake fara ɗaura wa, kuma inda tayoyi suke biyu a manne akwai sarƙa mai layi uku da ke rufe su tare. A wasu wuraren doka kan nemi a ɗaura wa tayoyin tirela ma, domin kada bayan motar ya zame a gangara.

Tsofaffin direbobi sukan nace cewa a koyi aikin tun a gareji, da rana tsaka, a busasshiyar ƙasa. Suna da gaskiya. Wanda ya bari sai dare ya same shi a kan dutse, yatsu sun sandare, tocila a baki, motoci na wucewa suna watsa masa ruwan ƙanƙara, zai ɓata ninkin lokacin da ya kamata, kuma da wuya ɗaurinsa ya yi kyau. Safar hannu mai hana ruwa, da abin durƙuso, da riga mai ƙyalli da za ta sa a hango mutum, duk suna cikin kayan aiki.

Da sarƙa a taya, ba a wuce gudun kusan kilomita 50 a sa'a guda, kuma ana guje wa taka birki ko totur da ƙarfi. Da an fito kan busasshiyar kwalta sai a kwance ta, domin kwalta na cinye ƙarfen, ƙarfen kuma na farfasa hanya. Akwai na'urar zamani da ake kafawa a ƙarƙashin mota, wadda direba zai danna maɓalli ta riƙa wurga gajerun sarƙoƙi a ƙarƙashin taya, ana kuma yawan ganinta a motocin kashe gobara da na ɗaukar 'yan makaranta. Sai dai idan dusar ta yi zurfi sosai, na'urar kan gaza, dole direba ya sauko ya ɗaura ta hannu.