Kitsen da Ya Yaudari Chevreul

A farkon ƙarni na 19, masana sinadarai a Turai ba su da wata hanya tabbatacciya ta sanin ko abin da suka tato daga jikin dabba ko tsiro abu guda ne ko kuwa gauraye. Kitse ya fi komai ba su wahala, domin kakiden sa da na tunkiya da man shanu duk sun yi kama a ido, ga shi kuma kowanne yana narkewa ne sannu a hankali, ya yi laushi tukuna kafin ya zama ruwa.

A 1811 Michel Eugène Chevreul, matashi ɗan Faransa da ke aiki a gidan adana kayan tarihin halittu na birnin Paris, ya fara binciken sabulu. Ya sa wa sabulun kitsen alade asid, ya samu wani farin abu mai ƙyalli, wanda ya raɗa wa suna daga kalmar Girkanci mai nufin lu'ulu'u. Shi ne aka sani da asid margarik. Abin da ya bambanta Chevreul da magabatansa shi ne ma'aunin zafi. Yakan narkar da abin cikin alkohol mai zafi, ya bar shi ya huce ya daskare, ya auna digirin da yake narkewa, sannan ya maimaita. Muddin adadin yana hawa, to akwai sauran gurɓata. Ranar da ya tsaya cak, sai ya yanke hukuncin cewa abin ya zama tsantsa.

Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ƙwayoyin sinadari tsantsa sukan jeru bisa tsari guda, don haka sukan wargaje a zafi guda. Idan baƙuwar ƙwaya ta kutsa tsakaninsu sai jerin ya raunana, narkewar ta fara da wuri, ta kuma ja lokaci. Da wannan dabara ya ware asid sitiyarik, mai narkewa wajen digiri 69, da wasu da dama, ya tattara su cikin littafinsa na 1823 kan kitsen dabbobi. Bayan shekara biyu shi da Gay-Lussac suka yi rajistar kyandir mai ƙarfi da ba ya wari irin na kakide.

Sai dai lu'ulu'un nasa ya ci amanarsa. Asid margarik yana narkewa wajen digiri 60, kuma ko sau nawa aka sake wanke shi adadin ba ya gusawa. Shekaru kusan arba'in ana koyar da shi a matsayin sinadari mai zaman kansa. A 1840 Edmond Frémy ya fitar da asid falmitik daga manja, mai narkewa wajen digiri 63, sannan a farkon shekarun 1850 Bajamushe Wilhelm Heintz ya bi wata hanya dabam: ya riƙa fitar da margarik kashi-kashi a matsayin gishiri, yana auna kowane kashi. Adadin ya bambanta. Ashe falmitik ne mafi yawansa, da ɗan sitiyarik. Ƙwayoyinsu sun yi kama ainun, har sukan daskare tare kamar abu guda, alkohol bai iya raba su.

A ganina bai kamata a ɗora wa Chevreul laifin sakaci ba, domin ma'aunin da ya kafa shi ne dai Heintz ya riƙe ya gyara masa kuskure. Kuma ya ga gyaran da idonsa, tunda sai a 1889 ya rasu yana da shekara 102. Sunan kuwa ya ƙi mutuwa. Daga gare shi aka samo sunan majarin, man shafa wa burodi da Mège-Mouriès ya ƙirƙiro a 1869, daga baya kuma aka miƙa shi ga wani asid na gaskiya mai ƙwayar kabon 17, wanda ke narkewa wajen digiri 61.