Sunayen Kechuwa da Turawa suka hana

Mu da ake tasowa da sassafe mu raɗa wa jarirai suna a nan Sabo, labarin wasu mutane na can Amurka ta Kudu ya tsaya mana a rai. Su ne Kechuwa, mazauna duwatsun Andis a ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. Harshensu ne harshen daular Inka, wadda fadarta ke birnin Kusko.

Kafin Turawan Sifen su ci ƙasar a 1532, ba ranar bakwai suke yin suna ba. Sai an yaye yaro dangi suke taruwa, kawunsa ya fara yanke masa gashi, sauran su biyo baya, kowa ya yanka ya ajiye kyautarsa, sannan a faɗi suna. Ya so ya yi kama da askin sunanmu, sai dai nasu na wucin gadi ne, in yaro ya balaga sai a sake masa wani.

Daga abin da ido ke gani suke ɗauko sunayen. Waman shaho ne, Amaru maciji, Sisa fure, Kusi farin ciki, Kispi kuwa dutse mai sheƙi kamar gilashi. Akwai Killa, wato wata, da Inti, rana. Ita ranar bauta mata suke yi, to nan kam mun raba hanya da su.

A 1583 manyan coci suka yi taro a Lima, suka ce daga yau sunan Kirista kaɗai za a sa wa ɗan ƙasa, tsofaffin sunaye na arna ne. Amma yaya za a bambanta Huwan da Huwan? Dole suka yarda namiji ya liƙa sunan ubansa a baya, mace na uwarta. Ku da kuka cika wa yara takardar makaranta aka ce lallai sai kun kawo sunan dangi, kun san wannan gurbi. A nan sunayen Kechuwa suka fake, har suka zama gado.

Shi ya sa mutumin da ya tayar wa Sifen ƙayar baya a 1780, ko da yake Hose Gabriyel aka sa masa, da sunan kakansa Tupak Amaru ya fito, Inka na ƙarshe da aka fille wa kai a Kusko a 1572. Kispi kuwa, wanda suke rubutawa Quispe, yau babu sunan dangin da ya kai shi yawa a duk Peru.