Sarrafa kwamfuta daga nesa: dalilan yankewar haɗi a Isa da Sabon Birni

Manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa, irin su AnyDesk da TeamViewer da Remote Desktop na Windows, suna ba ƙwararren da ke Sakkwato damar ganin fuskar kwamfutar da ke Isa ko Sabon Birni, ya gyara ta ba tare da ya hau mota ba. A yankin da 'yan bindiga ke tare hanya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai haɗin yakan yanke, kuma galibi laifin ba na manhajar ba ne.

Abin dubawa na farko shi ne ita kwamfutar da ake nema: idan wuta ta ɗauke, ko na'urar ta shiga yanayin barci, babu kiran da za ta amsa.

Daga nan sai layi. Sabon Birni na iyaka da jihar Maraɗi, don haka waya kan saki turken sadarwar Najeriya ta kama na Nijar, data kuwa ta tsaya cik. Maganin shi ne a shiga saitin waya a zaɓi kamfanin layin da hannu. Cikar sandunan sabis ma ruɗi ce: manhajar ta fi buƙatar haɗi mara jinkiri da tsinkewa fiye da mai gudu, shi ya sa rage ingancin hoto ke taimakawa.

Akwai kuma matsalar da ta fi rikita masu gyara. Remote Desktop na jiran kira ta mashiga mai lamba 3389, amma kamfanonin waya kan tara ɗimbin masu layi a bayan adireshin intanet guda, sai kiran ya rasa ƙofar shiga. AnyDesk da TeamViewer kan tsallake wannan domin ɓangarorin biyu ne ke fita su haɗu ta na'urorin kamfanin. Windows samfurin Home kuwa ba ya karɓar kiran Remote Desktop sam.

Wata yankewar ta fi ƙarfin kowane saiti. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, an rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Idan wayoyin maƙwabta duka sun yi shiru, ɓata lokaci ne sake ɗora manhaja.