Me ya haɗa yashin Jigawa da ƙanƙarar Turai?

1/ Ina yaro, in mun tashi daga Dutse za mu Jahun, nakan ga tuddan yashi a jere, kwari na ratsa tsakaninsu. Na ɗauka tun fil'azal haka suke. Ashe da labari. Ku biyo ni 🧵

2/ Shekara kusan 20,000 baya, ƙanƙara ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai. Ruwan da ta riƙe ya yi yawan da sai da teku ta sauka kusan mita 120.

3/ Mu nan ƙanƙara ba ta zo ba, fari ne rabonmu. Damina ta yi rauni, Sahara ta gangaro kudu, iskar arewa maso gabas ta tara yashi. Jigayin nan ke nan fa, masu sunan jiharmu.

4/ Da ƙanƙarar ta fara narkewa, damina ta farfaɗo. Kwatsam, shekara 12,900 baya, sanyi ya komo, fari ya biyo shi. Sai bayan shekara kusan 1,200 ɗumi ya zauna.

5/ Daga nan ruwa ya sauka sosai, Tafkin Chadi ya cika har Bama. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna, jihar Yobe, a 1987, ya kai shekara 8,000.

6/ Ciyawa da itatuwan da suka tsiro ne suka ɗaure yashin, har yau muke shuka gero da riɗi a kansa.

7/ Yashin nan bai mutu ba, 'yan uwa, barci yake. In muka ƙarar da itatuwan a gawayi, iskar da ta kawo shi tana nan, duk hunturu tana kaɗawa.